Maki 10 a fom ya isa a ce mace tana da ciwon damuwa?

Sista Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu da manyanmu. A wurin aikinmu nan ƙasar Daura an kawo mana wani fom mai tambayoyi tara, PHQ-9, an ce mu riƙa cike wa masu zuwa awo da masu jego. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3, a haɗa duka ya ba da 27. Duk wadda ta kai 10 an ce a shigar da ita rajista. To gurbin da aka ware a rajistar, abin da aka rubuta a samansa shi ne "masu ciwon damuwa". Ni kuwa hannuna yana yi mini nauyi in sa sunan mace a nan don kawai ta ce ba ta samun barci, abinci ba ya shiga, ga kasala. Mai cikin wata takwas, a zafin bazarar nan, ba wuta ba fanka, wace ce ke barci? Don Allah a fitar da ni daga duhu. Makin nan ya isa a ce an gano cuta?

Usman:
Wa alaikumus salam Sista. Ki saki jikinki, fom ɗin nan ba da ka aka tsara shi ba. Masana uku ne a Amurka suka fitar da shi, Spitzer da Kroenke da Williams, kuma tambayoyin tara su ne ainihin alamomi tara da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa. A binciken da suka buga a 2001 mutum 6,000 ne suka cike shi, rabinsu ma a asibitocin mata da haihuwa. Aka ware 580 daga ciki, ƙwararru suka tattauna da su don a gwada amsar fom da ta masani. A maki 10, fom ya kama 88 cikin 100 na masu ciwon, ya kuma wanke 88 cikin 100 na waɗanda ba su da shi. A nan gida ma Adewuya da abokan aikinsa sun gwada shi kan ɗaliban jami'a a 2006, kuma ya yi aiki. Gwaje-gwaje nawa muke dogara da su kullum a asibiti da ba su kai wannan ba?

Hajiya Binta:
Usman ɗana, ɗaliban jami'a ka ce. Su da kansu suka karanta, da Turanci, suka riƙe biro suka zaɓa. Matan da Hadiza ke gani karanta masu ake yi, a fassara nan take, ga layi har bakin ƙofa, kowace ma'aikaciya da irin tata fassarar. Akwai tambaya ciki da ke cewa ko mutum na kasa tattara hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Mi matar da ta taso daga ƙauyen Sandamu za ta ce ma wannan? Sannan a ce ta zaɓa tsakanin "'yan kwanaki" da "fiye da rabin kwanakin" a mako biyun da suka wuce. Na yi aikin jinya har na aje, ban ga majinyaciyar da ke ƙirga baƙin cikinta da kwanaki ba. In kin tambaye ta, cewa za ta yi ana dai haƙuri.

Sista Hadiza:
Wallahi Mama haka abin yake. Tambayar jaridar nan, ni nakan ce mata, kina mantuwa a salla har ki rasa raka'a nawa kika yi? Abokiyar aikina kuma takan ce, kina ɗora tukunya ki manta da ita? Mace ɗaya, in ta zo hannuna ta ba da amsa daban, in ta je hannunta ta ba da wata.

Likita Kabir:
Salam jama'a. Na ga tambayar tun safe, sai yanzu na samu sararin zama. Sista, a'a, makin fom ba ya gano cuta. Rariya ce. Abin da ya tsaya a kanta sai an sa hannu an duba, tsaki ne ko tsakuwa.

Lambobin Usman gaskiya ne, amma bari mu ɗora su kan mutane. A 2019 mujallar BMJ ta buga wani babban aiki na Levis da Benedetti da Thombs, inda suka tattaro bayanan dubban mutane daga bincike da dama. A maki 10 sun samu fom yana kama 88 cikin 100 na masu ciwon, yana wanke 85 cikin 100 na masu lafiya. To a ce mata 1,000 suka zo awo, kuma a ce 100 daga cikinsu suna da ciwon da gaske. Fom zai kama 88, 12 su wuce. Sauran 900 lafiyarsu ƙalau ta wannan fanni, amma 15 cikin kowace 100 za su haura maki 10, wato mata 135. Ke nan rajistarki za ta ɗauki suna 223, masu ciwon a ciki 88 ne. Ko rabi ba su kai ba. Fom bai lalace ba, haka lissafin yake fita duk lokacin da masu cutar suka kasance tsiraru a cikin waɗanda ake tambaya.

Waɗannan masanan dai sun sake fitar da wani aiki a 2020. Mutanen da aka auna, fom ya ce wajen 25 cikin 100 sun kai maki 10, amma da ƙwararru suka zauna da su, wajen 12 cikin 100 ne ke da ciwon. Ninki biyu. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga aikin kammala karatu an raba fom a ɗakin kwanan ɗalibai, an fito an ce kashi kaza na ɗalibai suna da ciwon damuwa. Abin da aka auna shi ne masu maki 10, ba masu ciwo ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya sa Nijeriya a kashi 3.9, mutum wajen miliyan 7. Wannan ma ba ƙaramin adadi ba ne, ba sai mun ƙara masa gishiri ba.

Batun mai ciki kuma, ki duba da kyau. Rashin barci 3, kasala 3, rashin cin abinci 2, mantuwa 2. Ta kai 10 ke nan, alhali tambayoyi biyun farko, wato ƙuncin rai da daina jin daɗin abubuwa, sifili ta ba ki. Su biyun nan kuwa su ne ginshiƙi. Kafin a ce mutum yana da ciwon, dole ɗaya daga cikinsu ya kasance, alamomin su kai biyar cikin tara, kusan kullum na aƙalla mako biyu, kuma su taɓa harkokinsa na yau da gobe. Sannan a tabbata ba wani abu ne ya kawo su ba: ƙarancin jini, wanda ya yi wa matanmu katutu, zazzaɓin cizon sauro mai tafiya yana dawowa, ciwon suga, matsalar tayirod, ko wani magani da take sha. Fom ba ya duba farin ido, ba ya auna jini.

Usman:
Likita, lissafinka ba ni da ja a kai. Amma ina ƙwararrun da za su yi zaman? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kan mutum sama da miliyan 200, yawancinsu a manyan birane, wasu kuma kullum ficewa suke yi waje. Matar da ke Baure ko Zango, kafin ta ga ɗaya sai ta nemi izini, ta nemi kuɗin mota zuwa Katsina, wani lokaci har Kano ko Kaduna. In muka ce fom ba hujja ba ne, tsorona shi ne a ajiye shi a durowa, mu koma yadda muke, ba mai tambayar mace komai sai nauyinta da hawan jininta. Matan 135 ɗin nan mene ne asararsu, ban da an ɗan zanta da su? Amma 88 ɗin nan rayuka ne.

Likita Kabir:
Ban ce a ajiye shi ba, Usman. Na ce kada a tsaya a kansa. Kuma zaman ba sai likitan ƙwaƙwalwa ba. Don irin wuraren aikin Sista Hadiza Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, da littafin jagoransa a 2010, domin nas da ungozoma da malamin asibiti su iya tantancewa da kansu, su san wanda za su riƙe da wanda za su tura gaba. Farfesa Oye Gureje na Ibadan da mutanensa sun gwada haka a Jihar Oyo, ma'aikatan asibitocin matakin farko suka kula da mata masu damuwar ciki da ta jego.

Asarar 135 kuwa akwai ta. Da zantawa kawai za a yi da su, da ba komai. Amma suna aka ce a rubuta. A garuruwanmu mai riƙe da rajista maƙwabciyar wata ce, ko 'yar uwar kishiyar wata. Daga "damuwa" zuwa "taɓin hankali" a bakin mutane taku ɗaya ne, kuma ka san abin da wannan kalma ke yi wa aure, har da na 'ya'yan matar nan gaba. Ga kuma lokacin ma'aikata. In mutum biyu ne ke ganin masu awo a yini, aka cika musu hannu da waɗanda ba su da ciwon, masu ciwon ne za su rasa kulawa.

Maryam:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, mijina ne ya sa ni a zauren nan, amma ku ba ni dama. Kuna ta maganar waɗanda fom ya kama bisa kuskure. Ni ina cikin 12 ɗin da Likita ya ce suna wucewa.

Bayan haihuwata ta biyu, da muka je rigakafin yarinya, an yi mini irin tambayoyin nan. Uwar mijina na zaune gefena a benci ɗaya, ita ke riƙe da jaririyar. Ma'aikaciyar ba ta ɗago kai ba, tana karantawa tana jan layi. Kina jin baƙin ciki? Na ce a'a. Kina jin kin gaza, ko kin kunyata iyalinki? Na ce a'a. Ta yaya zan ce e a gaban matar da ta bar gidanta ta zo tana dafa mini ruwan wanka da asuba, tana dama mini kunun kanwa? Ai butulci ne. Aka haɗa, na samu kusan sifili, aka ce Masha Allah.

Alhali a lokacin nan in yarinyar ta yi kuka, kallonta kawai nake yi, ba na jin komai a raina. Da dare in kowa ya yi barci sai in shiga banɗaki in kunna famfo don kada a ji kukana. Abinci ina ci, don ana tsaye a kaina. Ina ta istigfari, ina ganin zuciyata ce ta bushe, tunda Allah ya ba ni abin da wasu ke nema da kuka amma na kasa murna.

Wata ungozoma ce dattijuwa ta gane, a zuwa na gaba. Ta ce wa Hajiya ta taimaka ta je ta karɓo kati a can gaba. Da ta fita, sai ta ja kujera kusa da ni, ta karɓi yarinyar ta saɓa a kafaɗa, ta ce, 'yata, tun da kika shigo ba ki kalli fuskarta ba, me ke faruwa? Ban san sanda na fashe da kuka ba. Daga nan aka haɗa ni da likita, na sha magani na wasu watanni, ana kuma zama da ni. Alhamdu lillahi yau yarinyar tana firamare.

Don haka ni abin da zan roƙa, kafin a yi gardamar maki 10 ko 12, a fara duba wa ke zaune kusa da matar.

Hajiya Binta:
Allah ya yi maki albarka ɗiyata, ya raya maki ita. Ba kowa ke iya faɗin wanga a bainar jama'a ba. Ku yara masu aiki yanzu ku riƙe wannan. Ba a tambayar mace halin zuciyarta gaban uwar miji, ko miji, ko a benci ana jin juna. In ba ɗaki, ko bayan labule ne a ja ta.

Sista Hadiza:
Anti Maryam kin sa ni hawaye. Mu ma a benci muke yi.

Likita Kabir:
Malama Maryam, mun gode ƙwarai. Sista, ga masu ciki da jego akwai fom da aka yi musamman dominsu, EPDS, na Edinbara, wanda Cox da abokan aikinsa suka fitar a 1987. Tambaya goma ne, kan kwana bakwai da suka wuce, kuma da gangan aka cire batun kasala da cin abinci. Ko tambayar barcin da ke ciki, cewa take yi baƙin ciki ne ya hana ki barci, ba nauyin ciki ko kukan jariri ba. Ya fi dacewa da layinki. Amma shi ma a benci gaban Hajiya sifili zai ba da.

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne, kuma matsalolin nan gidajenmu suke fara zuwa kafin asibiti. Farko, abin da ƙanwata Maryam ta ce na ganin zuciyarta ta bushe, ina so duk mai karantawa ya sani baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙubu, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, yana nan a cikin Suratu Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Tambayata ga Likita biyu ce. Mace mai takaba, wata huɗu da kwana goma tana ɗaki, ba ta ci, ba ta barci, tana kuka. In aka ba ta fom ɗin nan a mako na uku na tabbata za ta haura 15. Mara lafiya ce? Ta biyu, na ji an ce tambaya ta tara tana cewa ko mutum yana jin gara ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa. Musulmin da ya san hukuncin wannan, a'uzu billahi zai ce ko da abin yana ransa. Wani kuma da ya gaji da talauci zai ce "Allah ya ɗauke ni in huta" ba tare da yana nufin komai ba. Takarda za ta bambance su?

Likita Kabir:
Allah ya gafarta Malam, ba za ta bambance ba. Batun makoki ma su kansu masana sun yi ta kai ruwa rana a kai. A da littafin da likitocin Amurka ke bi yana cewa kada a yanke hukuncin ciwon a wata biyun farko bayan rasuwa. A bugun 2013, DSM-5, aka cire wannan sharaɗi, aka bar wa likita ya auna. Abin da muke dubawa shi ne, mai makoki baƙin cikinta kan wanda ya tafi ne, yana zuwa yana lafawa, in 'yan gaisuwa suka tuna wani alherinsa takan yi murmushi, kuma ba ta raina kanta. Mai ciwon kuwa kanta take tsana, tana ganin ba ta da amfani, komai ya dushe ba sassauci. Wannan sai da zama.

Tambaya ta tara kuwa, ƙa'idata ɗaya ce: duk wanda ya amsa ta da wani abu ban da sifili, ko da jimillar makinsa 3 ne, ba ya tafiya gida sai an keɓe an yi magana da shi a ranar. Wanda ya ce sifili kuma ba shi ke nan an wanke shi ba. Ga dalilin da Malam ya faɗa, ga kuma cewa dokokin ƙasar nan sun daɗe suna ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, mutane kuma suna jin tsoro. Tambayar kai tsaye, cikin natsuwa, ba ta jefa tunanin a ran wanda ba shi da shi.

Abubakar:
Bari in kawo abin da nake gani a kemis. Yanzu ba sai an je asibiti ba, fom ɗin yana intanet kyauta. Saurayi zai shigo ya miƙo mini waya, ga maki 17 a allo, ya ce a ba shi maganin damuwa, har da sunan maganin ya haddace. In na ce ina takardar likita, sai ya ce ai ga sakamako. Ni ba na bayarwa, amma na san in ya fita zai samu mai ba shi. Abin da ke ba ni tsoro, akwai ciwon da mutum ke yin makonni a ƙasa, sannan ya yi makonni a sama, ba barci, surutu, kashe kuɗi, jin ya fi kowa. In aka same shi a lokacin da yake ƙasa, fom zai nuna shi daidai da mai damuwa zalla, don babu tambaya ko ɗaya a ciki kan lokacin tashin. A ba shi maganin damuwa shi kaɗai, ana iya tunzura wancan ɓangaren. Wasu kuma shaye-shaye ne a ƙasan abin, tiramol ko kodin, fom bai tambaya ba, su ma ba za su faɗa ba. Ko maganin damuwa amitiriftilin da ake gani arha ne, ba maganin da ake sha da ka ba ne.

Shamsu:
Ni da 'yan gudun hijira nake aiki, mutanen da 'yan bindiga suka taso daga yankin Batsari da Jibiya da Safana. Mun taɓa cike musu fom ɗin nan, kuma abin da na gani ya sa na daina yarda da jimilla. Kusan duk wanda ka tambaya sai ya haura. Ka tambayi dattijon da aka kore masa shanu, aka ƙone rumbunsa, yana kwana a ajin firamare da jikoki, wai yana jin ba shi da fata? Ka tambayi wadda ta wuni ba ta ɗora tukunya ba ko cin abincinta ya ragu? Wani tsoho da na karanta masa tambayar barci, ya dube ni ya ce, yaro, wanda ya san da dare suke zuwa yana barci?

Ba ina cewa ba masu ciwo a cikinsu ba. Akwai, kuma ana gane su. Akwai matar da ko an raba hatsi ba ta tashi ta karɓa, 'yarta ƙarama ce ke shiga layi. Makinta da na maƙwabciyarta kusan ɗaya ne, amma maƙwabciyar da aka ba ta jarin ƙuli-ƙuli ta miƙe, ita kuwa tana nan zaune. Wasu kuma abin da ke damunsu firgita ce, ƙarar babur kawai sai su zabura, suna mafarkin ranar. Wannan wani ciwo ne daban, fom ɗin damuwa ba shi yake nema ba.

Na karanta abin da aka yi a Zimbabuwe ya burge ni. Ba fom ɗin waje suka fassara kawai ba, sun tattara yadda mutanensu ke bayyana ciwon da bakinsu suka gina tambayoyi 14 da harshen Shona. Daga baya wani likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, aka buga sakamakon a 2016, kuma ya yi amfani. Mu da muke da jami'o'i a Katsina da Dutsin-ma, me zai hana a zauna da matanmu da dattawanmu a gina namu, a gwada shi da hirar ƙwararru?

Usman:
Shamsu, wannan na goyi baya ɗari bisa ɗari, kuma aikin da ya kamata irinmu mu yi ke nan maimakon raba fom a aji. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. A Amurka kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi ya ce a riƙa tantance manya duka, har da masu ciki da jego. Kafin mu samu namu, wanda ke hannu ya fi babu.

Likita Kabir:
Haka ne, sun faɗa a 2016, sun sake a 2023. Amma kwamitin Kanada a 2013 ya ce kada a riƙa yi wa kowa da kowa, Birtaniya ma ba ta da shirin tantance jama'a gaba ɗaya. Hujjoji iri ɗaya suka duba suka rabu. Kuma su Amurkawan a 2016 sun haɗa da sharaɗin cewa sai akwai tsarin tabbatar da cutar, da magani, da bibiya. Wannan sharaɗin ne muke tsallakewa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta yi maganar haƙƙin majinyaci da sirrinsa. Rajistar da kowa ke buɗewa ba ta dace da wannan ba.

Inda fom ya fi yi mini amfani ni kaina shi ne bayan an gano ciwon. Wanda ya fara da 19, bayan mako shida ya dawo 11, ni da shi muna ganin tafiya. In bai motsa ba, na san da sake.

Sista, ki kai wa shugabarku shawara a canza kan gurbin ya koma "waɗanda za a sake gani", a raba shi da babbar rajista, a kuma auna jinin duk mai cikin da ta haura kafin komai.

Sista Hadiza:
In sha Allahu ranar Litinin zan same ta. Sai dai na san abin da za ta ce, masu karɓar rahoton wata-wata, lamba suke so a wannan gurbin.

Hajiya Binta:
Ki ba su lambar, ki rubuta masu a ƙasa cewa waɗanda suka kai maki 10 ne, ba a tabbatar ba tukuna. In sun yi magana ki ce su zo su zauna da matan.

Shamsu:
Likita, saura tawa. A inda nake ba ɗaki, ba nas kullum, mota kuma sai ranar kasuwa. In mutum ya amsa tambaya ta tara da e da yammacin Alhamis, me zan yi kafin Asabar?

Likita Kabir:
Kada ka bar shi shi kaɗai, wannan ne farko. Ka tambaye shi wa ya yarda da shi a cikin danginsa, da izininsa ka kira mutumin, ya kwana tare da shi, a kuma kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, musamman maganin feshi na gona da tarin ƙwayoyi. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya tsara wani abu, ko ya taɓa gwadawa. In amsar e ce, ba a jiran ranar kasuwa, a nemi mota ko babur a daren a kai shi babban asibiti mafi kusa. Ka yi mini magana ta gefe, in turo maka shafin mhGAP da ya yi bayanin wannan, mu kuma duba wane asibiti ne ya fi kusa da ku da ke da mai ganin irin waɗannan.

Shamsu:
Na gode Likita. Yanzu zan yi maka magana.